Uban Marainiya

Manaja ne ya kashe mata uba, kuma bai taɓa ganin mutumin ba. A ofishinsa aka yi aikin, wani ɗan ɗaki a saman shagon sayar da tayoyi, fanka na juyi tana ƙara kamar an tilasta mata, ita kuma tana zaune a bakin kujera da kwalin faifan gwajinta a cinya. Ya saurari waƙa biyu da rabi ya kashe. Ya ce muryar ba laifi, amma murya kowa na da ita, har mai tallan ruwa. Abin da ke sayar da mawaƙi labari ne. Ya tambaye ta nata labarin. Ta ce ita ba ta da wani labari, mahaifiyarta ta rasu tun tana rarrafe, babanta mai aski ne, shi ya raine su ita da yayarta. Manaja ya daina kaɗa ƙafa. Ya ce tunda uwa ta riga ta tafi, ai an yi rabin aikin.

"Daga yau sunanki Marainiya," in ji shi. "Kuma kada ki kawo min shi nan. In na ga fuskarsa zan ji nauyi."

Ta koma gida ta faɗa wa Baba, tana fatan ya yi faɗa ta samu hujjar fasawa. Sai ya yi dariya har ya ajiye almakashi ya dafa madubi. Ya tambayi wace cuta ce ta kashe shi, don ya san abin da zai riƙa kiyayewa. Ta ce ba a yanke shawara ba tukuna. Ya ce to a taimaka a zaɓar masa mai sauƙi, shi ba ya son doguwar jinya. Yaya ce kaɗai ba ta yi dariya ba ran nan, kuma daga lokacin ba a sake ganin haƙoranta a kan zancen ba.

Waƙar da ta ɗaga ta sunanta "Kujerar Baba". Labarin wata kujera ce da mai ita ya tafi ya bari, ƙura ta rufe ta, ba mai iya zama a kai. Ita dai kujerar ta gaskiya tun safe har yamma ba ta hutawa, wannan ya tashi da sabon aski wancan ya zauna, amma waƙa ba ta zo duniya don ta faɗi abin da ke faruwa a shagon aski ba. Bayan baiti na biyu kiɗa yakan lafa, muryar ta karye, a ji shessheƙa, sannan a ji ta ce "ku yi haƙuri" a hankali kafin ta ci gaba. Wuni guda aka yi a sutudiyo ana neman kukan nan. An ce ta tuna mahaifiyarta, alhali ko fuskarta ba ta sani ba. An aika an sayo albasa. A ƙarshe Injiniya, mai haɗa sauti, ya ɗauko jan numfashi daga gwaji ɗaya, ya yanko karyewar murya daga wani, ya liƙa musu wata 'yar shaƙewa da ta yi lokacin da ta ƙware da ruwa. Da aka kunna, shi kansa Injiniya sai da ya share ido.

A kan dandamali kuwa ba ta taɓa rera ta da bakinta ba. Ba waƙar nan kaɗai ba, duk waƙoƙinta faifai ne ke yi, makirufon da ke hannunta a kashe yake kamar wayar wasan yara. Manaja ya ce mutane sun zo jin abin da suka saba ji ne, ba haki da tari ba, kuma mai rawa a kan takalmi mai tsini ba ta da numfashin waƙa. Aikinta shi ne ta motsa baki daidai da faifai, in lokacin kuka ya zo ta goga hankicin da aka shafa wa man zafi a ƙasan ido. Da farko abin ya dame ta, daga baya ta ga hutu ne, har ta kai ko a banɗaki ta daina gwada muryarta. Sau ɗaya tak ake kunna makirufon a kowane wasa, bayan "Kujerar Baba", don ta gode wa masu ɗaukar nauyi. Sai wata 'yar koriyar fitila ta kama a gindinsa. Injiniya kuma an ba shi doka guda tun ranar da aka ɗauke shi aiki: ko dandamali ya kama da wuta, kada ya tsayar da faifai.

Marainiya ta yi wa kowa kuka. Ambaliyar ruwa, gobarar kasuwa, makarantar da iska ta yaye wa rufi, duk inda aka ce taron tallafi ne ita ake nema, don an gwada an gani, in ta karye bayan baiti na biyu hannu yakan shiga aljihu da kansa. Manaja yana da wata dabara da yake alfahari da ita kamar shi ya ƙirƙiro wuta. Kowane taro sai ya je da kansa tun safe ya zaɓo mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake yi dominsu, yana kiransa shaida. Kada ya zama ya jigata sosai har ya tsorata masu kamfani, kada kuma ya zama mai ƙiba har a fara tambayar me za a yi da taimakon. A baitin farko ake shigo da shaida a ajiye shi gefe, ita ba ta dubansa sai kukan ya zo, sannan ta juya ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ta riƙe hannaye da yawa a rayuwarta, ba ta san sunan mai ko ɗaya ba.

Baba kuwa ya riƙe mutuwarsa da amana. Unguwa ta sani, amma wa ke tambayar unguwa. Wani ɗan jarida ya taɓa jin ƙishin-ƙishin ya zo shagon. Baba ya zaunar da shi a kujerar, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ce shi maƙwabcin marigayi ne, mutumin kirki ne Allah ya jiƙansa, sai dai surutu. Ɗan jarida ya tafi da aski mai kyau. Abin da kawai ke damun Baba shi ne har yanzu ba a tsayar masa da cuta guda ba. A gidan rediyo haɗarin mota ne, a wata mujalla zazzaɓi ne na farat ɗaya, a talabijin kuma, ranar da mai gabatarwa ta matsa, sai ya zama faɗuwa ya yi a wurin aiki yana nema musu abinci. Ya aiko Yaya ta gaya mata shi ya fi son na haɗarin, ya fi martaba, amma in ba damuwa a bar shi a kan ɗaya, jikinsa ya fara gajiya.

Da farko Marainiya takan zo da baƙin tabarau da mayafi ta shiga ta ƙofar baya. Da sunan ya ƙara girma, kowa kuma ya samu waya mai kyamara, sai zuwan ya koma kira, kiran ya koma saƙo ta hannun Yaya. In ta kira yakan ɗauka ya ce nan lahira ce, wa ke magana, ita kuma ta yi dariya, dariyar na ƙara gajarta shekara bayan shekara. Tana son sa, wannan ba ƙarya a ciki. Tana dai tsoron a gan su tare fiye da yadda take kewarsa, kuma ta san haka, kuma ba ta son sanin.

Ran da Yaya ta kira, Marainiya na zaune ana yi mata gyaran farce. Yaya ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce ƙodojin Baba sun daina aiki, an kwantar da shi a ɗakin masu wankin ƙoda na babban asibiti, gadon ƙarshe wajen taga, kuma likita ya ja ta gefe ya ce duk mai son ganinsa ya zo ya gan shi.

"Mamacinki na shirin mutuwa karo na biyu," in ji Yaya. "Na ce bari in sanar da ke, ko wannan karon za ki samu halarta."

Kowa in aka gaya masa haka yakan sayi lemo ya hau mota. Marainiya wuni ta yi tana hango masu gadi da nas-nas da masu jinya, kowa da waya a hannu, ita kuma a bakin gadon wani tsoho mai hanci irin nata sak. Washegari ta je ofishin Manaja, wanda yanzu ya koma bene mai gilashi, ta ce zuciyarta ta karkata ga masu ciwon ƙoda, tana so a yi musu taro a harabar babban asibiti, kuma kafin a fara ta zaga ɗakinsu gado-gado. Manaja sai da ya miƙe tsaye don murna. Ya ce ƙoda sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa ta, kowa ya tare a kan marayu da ambaliya. Kafin ta sauka daga benen ya samu wani kamfanin sabulu a waya.

Shiri ya ɗauki makonni. Sai da aka buga allunan talla, aka ɗinka mata riga, aka sasanta da shugaban asibiti kan inda kujerarsa za ta kasance. Aka shiga sutudiyo aka ɗauki tallan rediyo, inda take roƙon jama'a su zo a tsaya wa iyaye tun suna raye, Injiniya ya sa ta maimaita har sai da ya ce yanzu ta fito daga zuciya. Kullum takan tambayi Yaya ya jiki, Yaya kuma, wadda ke koyarwa da safe ta dawo ta zauna a kujerar roba gefen gadonsa, takan amsa da kalma ɗaya. Baba, da yake mutum ne mai kara, ya jira.

Ranar taro aka kwashe motocin ɗaukar marasa lafiya daga harabar aka kai su bakin titi, don dandamali ya samu wuri. Hoton Marainiya, hawaye ɗaya a kumatu da sabulu a gefe, ya rufe allon da ke nuna hanyar ɗakin gaggawa. Janareto na ruri a ƙarƙashin tagar ɗakin haihuwa. Tun kafin rana ta yi sanyi harabar ta cika, manyan baƙi a kujerun da aka lulluɓe da farin ƙyalle, sauran jama'a a tsaye bayan igiya, marasa lafiyan da ke iya tashi sun leƙo ta tagogin bene.

Aka shiga ɗakin masu wankin ƙoda da kyamarori a gaba. An goge ƙasa har tana santsi, an shimfiɗa sababbin zannuwan gado da ko layin ninkinsu bai baje ba. Injina na ta juya jini a cikin siraran robobi. Mai kwalliyarta na biye da kwali tana miƙo mata sabulu, ita tana miƙa wa mai gado. Ta ce sannu, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta sunkuya yadda mai kyamara ke so, idonta kuwa na can ƙarshen ɗakin. Ta riga ta shirya abin da za ta yi: ta riƙe hannunsa kamar na kowa, ta ɗan daɗe kaɗan, ta matse. Shirin ke nan gaba ɗaya. Saboda matse hannu ɗaya aka kori motocin asibiti zuwa titi.

Gadon ƙarshe ba kowa. Ko zanen gado babu, katifa ce tsirara mai baƙar leda. A kan ɗan akwatin gefen gado ga kofinsa, ga ɗan matajinsa mai karyayyen haƙori, wanda tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ya fita ko bakin ƙofa babu shi a aljihunsa ba. Ga nas tsaye kusa da ita, kuma tambaya ɗaya ce, ina mai gadon nan. Sai dai tambayar tana da ƙanwa, wato me ya haɗa ki da shi, ga kyamara na kallo. Mai kyamara ya ce haske ya yi kyau a nan, ta ɗan dafa katifar ta dubi taga. Ta dafa. Ya ce tun da yake aiki da ita bai taɓa samun fuska irin wannan ba.

A ɗakin ajiyar magani da aka ba ta don ta sa kaya, ta yi ta kiran Yaya har wayar ta yi zafi, ba a ɗauka ba. Mai kwalliya ta gyara mata jan baki, ta soka mata hankicin man zafi a hannun riga. Aka ƙwanƙwasa aka ce jama'a na jira.

Ta yi waƙar buɗewa, wato faifai ya yi, ita ta yi rawa. Shugaban asibiti ya yi jawabi, wakilin kamfanin sabulu ya yi wanda ya fi shi tsawo, ya bayyana cewa tsafta da ƙoda 'yan gida ɗaya ne. Sannan kiɗan "Kujerar Baba" ya taso, jama'a suka yi ihun da suka saba, wayoyi suka tashi sama. Ta ɗaga makirufo ta fara motsa baki. Karo na farko tun da aka haɗa waƙar ta saurari abin da kalmomin ke cewa, kuma ba ta ji daɗinsu ba. Ta ji katakon dandamali na motsi a bayanta, ta san shaida ake shigowa da shi. Doka ta ce kada ta juya. Amma matan da ke bayan igiya suka yi wani wayyo gaba ɗaya, irin wanda ba kowane shaida ke samu ba, sai ta saci kallo.

Baba ne. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa, gemu a hargitse, an lulluɓe masa ƙafafu da sabon zanen gadonsa, wani ma'aikacin asibiti na tura shi a keken marasa lafiya. Yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe. A ƙasan matakala Yaya ce tsaye, hannu a harɗe.

Kukan da ya zo mata bai jira baiti na biyu ba, kuma bai nemi hankici ba. Ba shi da kyau ko kaɗan, baki a karkace, ga majina, ga kwalli na gangarowa. Lasifikoki kuwa na ci gaba da zuba muryarta sumul, tana ba da labarin ƙura a kan kujera. Ta isa gare shi ta zube a kan gwiwa.

"Na ji ana neman tsoho," Baba ya ce mata a kunne. "Na ce da manajanki mai kwat ɗin nan ga ni, na ma iya waƙar. Na ga hanya ta yi miki nisa, na ce bari in rage miki. Sai dai sun hana ni taje gemu."

Ta miƙe ta fuskanci jama'a, ta kai makirufo bakinta, ta ce wannan babanta ne, bai mutu ba, bai taɓa mutuwa ba, mai aski ne, ƙarya suka yi. Ta faɗa da ƙarfi har jijiyoyin wuyanta suka fito. Ba wanda ya ji, faifai na kan amshi. Kuma kada a yi mata alfarmar cewa mantawa ta yi. Wadda ta yi shekaru tana riƙe da makirufon nan ta fi kowa sanin a kashe yake, shi ya sa maganar ta fito da sauƙi haka.

Baba ya ja gefen rigarta, ta sake durƙusawa.

"Kin yi sauri," ya ce. "Sai bayan baiti na biyu ake kukan. Motsa bakinki, mutane na kallo."

Da ta kasa, sai shi ya motsa nasa. Ta zuba masa ido yana bin waƙar kalma bayan kalma, inda take jan numfashi yana ja, inda take ɗaga murya yana ɗaga gira. Ba mai iya waƙa haka sai wanda ke kunna ta kullum, yana aski yana jin yadda kujerarsa ta yi ƙura. Da wurin kukan ya zo ya ɗan matse hannunta don ya tuna mata. Kiɗa ya lafa, shessheƙar albasa da ƙwarewar ruwa ta fito daga lasifikoki tsaf, muryar faifai ta ce "ku yi haƙuri". Harabar ta rushe da kuka. Nata na gaskiya da ake ta yi a gabansu tun ɗazu bai motsa su haka ba, kuma ba laifinsu ba ne, na faifan ya fi kyau.

Waƙa ta ƙare. 'Yar koriyar fitila ta kama a gindin makirufo.

Yanzu ko numfashi ta ja sai an ji shi a ɗakin haihuwa. Harabar ta yi tsit. Ta dubi Baba, ya yi mata murmushi. Ta dubi Yaya, Yaya ta sauke hannuwanta daga ƙirji tana jira. A gefen dandamali Manaja ya ɗaga mata babban yatsa. Kalmomin na nan a bakinta, ɗazun nan ta faɗe su, ko hucewa ba su yi ba. Marainiya ta buɗe baki ta gode wa kamfanin sabulu. Ta gode wa shugaban asibiti, da gidan rediyon da ya yi talla, da masu janareto, da masu ruwan roba, ba ta tsallake kowa ba, muryarta na rawa yadda masu ɗaukar nauyi ke so. Fitilar ta mutu. Aka yi tafi, Baba ma ya tafa da hannunsa mai filasta, a hankali, don ba ƙarfi. Da ta sake duban ƙasan matakala Yaya ta ba ta baya. Ba ta taɓa tsanar kanta kamar a wannan lokacin ba.

Saura waƙar rufewa, ta rawa. Ma'aikacin asibiti ya zo ya kama keken, Manaja kuma ya hauro da sauri, bakinsa har kunne. Ya ce mata kukan nan na wuri dabara ce, daga yau haka za a riƙa yi. Sannan ya dafa kafaɗar Baba ya ce tsohon nan zinare ne, a ajiye masa shi, akwai wani taron wata mai zuwa a babban ɗakin taro.

"Ni dai ba ni da wani aiki," in ji Baba. "Amma ka tambayi likita. Ya ce kada in ɗauki alkawarin da ya wuce mako."

Ya faɗa ne da muryar da yake tambayar mutum ko a rage masa gefe. Manaja ya yi dariya, ya ce tsoho akwai barkwanci. Gangunan waƙar rufewa suka fara, masu rawa suka fito suka jera, suka bar mata gurbinta a tsakiya.

Ta miƙa wa Manaja makirufon, shi kuma ya karɓa, don mutum in an miƙo masa abu yakan karɓa kafin ya yi tunani. Ta cire hannun ma'aikacin daga keken ta sa nata. Ta juya shi zuwa gangaren katakon da aka shigo da shi ta kai, takalmi mai tsini ya so ya kayar da ita, ta tsaya ta cire ta bar su nan. Tana tsakiyar gangaren muryarta ta fashe daga lasifikoki, cike da nishaɗi, tana kiran kowa ya taso a taka. A gaban dandamali kuwa ba kowa sai wani mutum mai kwat da tumbi, riƙe da makirufo, muryar mace na fita. Ya yi ta yi wa Injiniya alama da hannu a wuya cewa ya kashe faifan. Injiniya mutum ne mai bin doka, ga shi ko wuta ba ta kama ba. Masu rawa suka ci gaba da rawa don ba wanda ya ce su daina. Dariya ta fara daga tagogin bene, wurin marasa lafiya, sannan ta gangaro har kujerun manya. Wayoyin da suka sauka suka sake tashi, rabi na kallon Manaja, rabi na bin bayanta. Ta san kafin ta kai ƙofar gini an gama da Marainiya. Ta ji tsoro ƙwarai, amma keken na da nauyi kuma tayarsa ɗaya na ja hagu, dole hankalinta ya koma kan tuƙi.

A baranda mai warin maganin goge ƙasa, kiɗan ya ragu ya koma dukan bango. Ta ji taku a bayanta. Yaya ce, riƙe da takalman a hannu ɗaya. Ta sa ɗaya hannun a gefen keken ta hana shi ja hagu.

"Waƙarki fa ta fara," in ji Baba.

"Ta saba yi ba ni."

A ƙofar ɗakin masu wankin ƙoda babbar nas ta tare hanya. Kyamarori sun tafi, murmushinta ya bi su, ga kwalayen sabulu an bar mata ta san yadda za ta yi da su. Ta san Yaya, ta matsa mata. Sannan ta dubi Marainiya tun daga rigar ƙyalƙyali har ƙafa ba takalmi, ta ce ta yi haƙuri, an gama zagayen manyan baƙi, yanzu dangi kaɗai ke shiga. A bayan nas ɗin masu jinya sun taso daga kujerunsu, kowa da waya a hannu.

"'Yarsa ce ni," ta ce. "Ta biyu."

Muryar ta fito a dishe, 'yar ƙarama, ba kiɗa a bayanta, irin wadda Manaja ba zai saurari ko rabin waƙa da ita ba. Amma har ƙarshen ɗakin an ji. Nas ta dubi hancinta, ta dubi na Baba, ta kauce.

Yaya ta mayar da zanen kan katifa tana mitar wanda ya cire, sannan su biyu suka ɗaga shi suka kwantar. Rashin nauyinsa ya tsorata Marainiya fiye da komai a ranar. Ya yi haki na ɗan lokaci, ido a rufe. A waje muryarta na ta tambayar jama'a ko sun gaji. Da ya buɗe ido ya nuna akwatin gefen gado da haɓa. Ta ɗauko matajin, ta zauna a bakin katifa, ta kafa shi a saman gemun ta ja. Ya yamutsa fuska.

"Kamar ba 'yar mai aski ba," ya ce. "Daga ƙasa ake farawa."

Ta fara daga ƙasa.